Fasali a kan faɗar mutane: wane ya taki sa'a

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa bisa ni'imominsa waɗanda ba su ƙidayuwa, muna salati da sallama ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, ko almajiri kake a tsangaya ko ɗan kasuwa a rumfa, akwai wata kalma wadda ba ka wuni ba ka ji ta ba, kai kanka ma ba ka wuni ba ka faɗe ta ba, ita ce sa'a. Wanda ya sayi hatsi da kaka, farashi ya tashi da bazara, sai a ce ya taki sa'a. Wanda mota ta tashi ta bar shi, sa'an nan labari ya zo ta faɗi a hanya, sai a ce ya yi sa'a. Wanda hajarsa ta wuni ba a taya ba, sai ya ce yau bai fito da sa'a ba. Mai rakiya kuwa ba ya juyawa gida sai ya ce wa matafiyi Allah ya ba da sa'a. Na yi nufin in warware maka wannan kalma, inda ta fito, da yadda ta tashi daga ma'anar lokaci ta koma ma'anar rabo, da inda faɗarta ba ta da laifi, da inda take cin dukiyar mutum da halinsa da addininsa bai sani ba. Domin maganar da harshe ya saba da ita ita ce ta fi wuyar tuhuma, mutum yana riƙe da ita kamar yadda yake riƙe da tsohon kuɗi a aljihu, bai taɓa duba abin da aka rubuta a jikinsa ba.

Asalin kalmar

Sa'a kalmar Larabci ce, ma'anarta yanki na lokaci, kaɗan ko da yawa. Balarabe idan ya ce sa'a yana nufin awa, ko agogon da ke nuna ta, ba ya nufin rabo ko dacewa. Wannan ma'ana ta farko tana nan a bakinmu ba ta ɓace ba. Muna cewa sa'ad da ya zo, da sa'an nan, da sai wani sa'i. Muna ce wa tsaran mutum sa'ansa, domin an haife su a zamani ɗaya. Idan mutum ya cika sai mu ce sa'i ya yi. A cikin Alƙur'ani mai girma kuwa, wannan kalma tana daga cikin sunayen ranar Alƙiyama. To, ta yaya kalmar da take nufin lokaci, har take nufin tashin duniya, ta zama ita ce ake faɗa wa wanda ya ci riba a kan goro?

Amsar tana wurin masu hisabin taurari. Su ne suka raba wuni kashi 12 daga hudowar rana zuwa faɗuwarta, suka raba dare kashi 12, suka ce kowane kashi yana da tauraron da ke mulkinsa. Taurarin nasu 7 ne, kuma ga jerinsu: Zuhalu, Mushtari, Mirrihu, Rana, Zuhura, Uɗaridu, Wata. Sa'ar farko ta Lahadi suka ba Rana, ta biyu Zuhura, ta uku Uɗaridu, haka jerin yake juyawa har sa'o'i 24 su ƙare. Da yake 24 sau uku ne na 7 da ragowar 3, sai sa'ar farko ta Litinin ta faɗa kan Wata, ta Talata kan Mirrihu, ta Laraba kan Uɗaridu, ta Alhamis kan Mushtari, ta Juma'a kan Zuhura, ta Asabar kan Zuhalu. Sa'an nan suka ce Mushtari da Zuhura taurarin sa'ada ne, Zuhalu da Mirrihu taurarin nahisa ne. Mai neman dukiya ko fada wurin sarki ya fita a sa'ar Mushtari, mai neman aure a sa'ar Zuhura, mai rubutu da lissafin ciniki a sa'ar Uɗaridu, kowa kuma ya kiyayi sa'ar Zuhalu. Wannan fanni suna kiransa ilmin ihtiyarati, wato zaɓen lokaci.

Ka lura, wannan lissafi ya girmi Musulunci. Tushensa yana wurin mutanen Babila da Yunanawa, sa'an nan aka juya littattafansu zuwa Larabci a zamanin Abbasiyawa, aka sami waɗanda suka shahara da shi kamar Abu Ma'ashar mutumin Balhu, wanda ya rasu a shekara ta 272 ta Hijira, daidai da 886. Daga can ya biyo littattafai da matafiya ya iso ƙasarmu, har ya sami gwanaye daga cikinmu. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillacen Katsina, wanda ya rasu a Alƙahira a 1154 ta Hijira, daidai da 1741, a gidan Shaihu Hasanul Jabarti, ya wallafa littafi a kan ɗalasimai da taurari mai suna Durrul Manzumi, kuma malaman Masar sun san shi da wannan fanni.

Waɗanda suka fi kowa buƙatar wannan lissafi a ƙasar Hausa su ne fatake. Ka tuna da ayarin Gwanja, wanda yake tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya yi watanni a hanya kafin ya kai Salaga, ya juyo da goro. Akwai rafuka, akwai 'yan fashi, akwai sarakunan da ke karɓar fito da kuɗin hanya, goro kuma haja ce mai saurin lalacewa. Mutumin da ya sa dukiyarsa da ransa cikin irin wannan tafiya yana son wani abu da zai kwantar masa da zuciya. Saboda haka ayari yana da madugu, da jagaba, da uban dawaki, yana kuma da malami, kuma daga cikin aikin malamin har da duba ranar tashi. Daga nan, a fahimtata, za ka gane dalilin da ya sa aka ce taka. Ana ɗaukar lokaci kamar ƙasa ce shimfiɗe, wani wuri ƙaya wani wuri rairayi, wanda takunsa na farko daga ƙofar gari ya sauka a kan mai kyau, shi ne ya taki sa'a. Kuma ka dubi allonka: sa'a sin ne da alif da ain da ta kuri, sa'ada kuwa sin ne da ain da alif da dal da ta kuri. Kusancin nan na lafazi ya sauƙaƙa wa kunne ya haɗa su. Da tafiya ta yi tafiya sai aka manta da tauraro, aka manta da awa, kalmar ta zauna ita kaɗai tana nufin rabo.

Auna da'awar masu zaɓen sa'a

Kafin mu yi hukunci a kan kalmar, bari mu auna abin da ta tsiro daga gare shi. Marubuta tarihi sun ambata cewa sa'ad da Halifa Mansur zai kafa birnin Bagadaza a 145 ta Hijira, daidai da 762, masu taurari ne suka zaɓa masa lokacin aza harsashi, daga cikinsu akwai Naubahtu. Aka yi masa albishir cewa babu halifan da zai mutu a cikin wannan birni. Ba a cika shekara 60 ba aka kashe jikan ɗansa, Halifa Aminu, a cikin Bagadaza, a 198 ta Hijira. A 656 kuwa, daidai da 1258, Hulaku ya shiga birnin ya rushe halifancin baki ɗaya. Haka kuma an ruwaito cewa da Halifa Mu'utasimu ya yi shirin yaƙin Ammuriyya a ƙasar Rumawa, masu taurari suka ce ba za a ci garin ba sai lokacin nunar ɓaure da inabi. Bai saurare su ba, ya fita, aka buɗe garin a 223 ta Hijira, daidai da 838. Kafin waɗannan duka, an ruwaito cewa wani mai duba ya tare Sayyidina Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda, zai fita zuwa Naharawan, ya ce kada ya fita a wannan sa'a. Ya fita a cikinta, ya dogara ga Allah, ya yi nasara. Ga wanda aka zaɓa wa sa'a bai tsira ba, ga waɗanda aka hana su sa'a sun ci nasara.

Ko ba ka karanta tarihi ba, kasuwa ta ishe ka hujja. Ciniki ba ya ƙulluwa sai da mutum biyu, mai saye da mai sayarwa, kuma a sa'a ɗaya suke sa hannu. Idan farashi ya tashi gobe, mai saye ya ci riba, mai sayarwa ya ciji yatsa. To, sa'ar ta wane ce a cikinsu, alhali tauraro ɗaya ne a kansu? Ayari ɗaya yana tashi da takun farko ɗaya, wani ya dawo da jakuna ashirin, wani ya dawo da bashi, wani a binne shi a zango. 'Yan dambe biyu kowa an ba shi lokacin shiga fage, amma ɗaya ne yake kai ɗan'uwansa ƙasa. Sa'an nan ka tambayi kanka, mutumin da ya san awar da riba ke sauka, me ya zaunar da shi a zaure yana jiran sadakarka? Ga kasuwa, ga awa, me ya hana shi? Ƙari a kan haka, jerin nan na 7 an gina shi ne a kan abin da idon mutanen da ya iya gani. Da aka ƙera madubin hangen sama sai aka gano wata duniya mai yawo a bayan Zuhalu a 1781, aka gano wata a 1846, kuma babu ko ɗaya da aka ba awa a cikin lissafin.

Abin da ya sa wannan sana'a ba ta mutuwa shi ne halin ɗan Adam na riƙe dacewa da mance kuskure. Idan mai duba ya faɗa sau goma ya dace sau ɗaya, ɗayan nan ake kaiwa majalisa. Tara ɗin kuwa akwai uzuri a ajiye: ka makara da fita, ko ka gamu da wani a ƙofa, ko ba ka cika sadakar ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a 1817, ya lissafa da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa da duban taurari cikin ɓarnar da ya yi gargaɗi a kanta a littafinsa Nurul Albabi. Imamu Muslim kuma ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta dare 40.

Amma kada ka haɗa wannan da sanin taurari na halal. Manomin da yake duban Kaza da 'ya'yanta don ya san inda shekara ta kai, da matafiyin da yake gane gabas da Gamzaki, da ladanin da yake auna inuwa don azahar, duk suna karanta alama ne wadda Allah ya sanya bisa al'ada. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa an yi ruwa da dare a Hudaibiyya, da aka idar da asuba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah shi ne mai imani, wanda ya jingina shi ga tauraro ya kafirce wa Ubangijinsa. Malamai suka yi tafsili, suka ce wanda ya ƙudurta tauraro ne mai aikatawa, shi ne abin ya hau kansa, wanda kuwa yake nufin lokacin fitowar tauraron kawai, kamar mai cewa an yi ruwa a watan kaza, bai fita daga imani ba. Riƙe wannan tafsili, domin da shi za mu auna kalmarmu.

Idan ka ce shari'a ma tana da sa'o'i

Idan ka ce, ai mun karanta cewa akwai sa'a a ranar Juma'a wadda ake karɓar addu'a a cikinta, akwai sulusin dare na ƙarshe, an ce a tsare yara da almuru, an ce Annabi yana son fita tafiya ranar Alhamis, ashe wannan ba zaɓen lokaci ba ne? Sai in ce, tambaya ce mai kyau, kuma duk abin da ka ambata ya inganta. Amma ka dubi bambanci ta fuska uku.

Ta farko, waɗannan an san su ne ta hanyar wahayi, daga wanda ya halicci lokacin, waɗancan kuwa daga lissafin mutane. Ta biyu, waɗannan na kowa ne, ba a saye, ba a ɓoye su a hannun wani. Sa'ar Juma'a ma ba a ayyana ta ba, sai dai an nuna cewa gajeriya ce, har Ibnu Hajar ya tattara maganganun malamai fiye da 40 a kanta a cikin Fatahul Bari, mafi ƙarfinsu biyu: daga zaman liman a kan mumbari zuwa idar da salla, ko kuwa ƙarshen wuni bayan la'asar. An sakaya ta ne don bawa ya yawaita roƙo. Ta uku, kowace daga cikinsu kira ce zuwa aiki. Ta Juma'a tana cewa tashi ka roƙa, ta sulusin dare tana cewa tashi ka nemi gafara. Babu ɗaya da take ce maka zauna kada ka fita nema, wai awar nan mugunya ce.

Dubi ta almuru, wadda ita ce mutanenmu suka fi tsoro. Hadisin Jabir wanda Buhari da Muslim suka ruwaito ya yi umarni da a tsare yara idan dare ya kawo kai, domin shaiɗanu suna bazuwa a lokacin, idan wani yanki na dare ya wuce a sake su. Amma a tare da haka ya yi umarni da a rufe ƙofa, a ambaci sunan Allah, a rufe tukwane da salkunan ruwa, a kashe fitila lokacin barci domin ɓera yana iya jan lagwani ya ƙone gida. Ka ga, tsoron bai tsaya a zuciya ba, an mayar da shi hannu, kowane haɗari an ba shi maganinsa. Uwar da take kiran ɗanta gida da magariba tana kan sunna. Amma abin da aka ƙara daga baya, kamar cewa ba a sayar da allura da dare, ko ba a shara da dare don kada arziki ya fita, wannan camfi ne, ba ya cikin hadisin.

Yadda ake faɗarta yau, da hukuncin kowane

Yanzu mu dawo bakin mutane. Masu faɗar wannan kalma kashi uku ne.

Kashi na farko, kuma su ne mafi yawa, ba su san Zuhalu ba balle Mushtari. Idan suka ce ya taki sa'a, suna nufin Allah ya sa ya dace da alherin da bai shirya ba. Idan suka ce Allah ya ba da sa'a, sun roƙi Allah ne, sun kuma shaida cewa a hannunsa take. Waɗannan babu laifi a kansu, kuma kada wani ɗalibi mai sabon karatu ya tashi yana kafirta tsofaffi a kan wannan. Kalma tana bin nufin mai ita, kuma da yawa daga kalmomi sun bar asalinsu.

Kashi na biyu su ne waɗanda aƙidarsu lafiya lau, amma kalmar ta zame musu mayafi suna rufe wani hali da ita. Nan ne ɓarnar ta fi yawa, kuma nan ne ba a cika yin wa'azi ba.

Wani yana rufe hassada da ita. Abokinsa ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka, sai ya ce ai wane ya yi sa'ar ƙwaƙwalwa. Bai ambaci darurrukan da wancan ya raba yana tilawa a kiskadi shi yana barci ba. Haka a kasuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suna sa ran auduga, sai manoma suka karkata ga gyaɗa, ciniki ya buɗe irin wanda ba a taɓa gani ba. Mai gajeren tunani zai ce Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, sa'a ya taka. To, jirgin nan ai gari duka ya zo wa. Abin da ya tarar a hannun Alhassan shi ne shekarun da ya yi yana fataucin goro har bakin teku, da sanin hanya, da yaran ciniki a ƙauyuka, da amanar da ta sa ake ba shi kuɗi a gaba. Lokaci ya zo wa kowa, wanda ya shirya ya ɗauka da ikon Allah. Wanda ya kira wannan sa'a ya yi shiru, ya tauye wa mutum haƙƙinsa, ya kuma hana kansa koyon abin da zai amfane shi.

Wani yana rufe sakaci da ita. Direba ya san birkinsa ba ya kamawa, ya cika mota ya hau hanya, abin ya faru, sai a ce an yi rashin sa'a. Mai shago ya bar wayar lantarki a tsiraice, wuta ta tashi ta ci rumfunan maƙwabta, sai a ce rashin sa'a. Ka tuna da jirgin ruwan da ya kife a Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwamba na 2021, mutane fiye da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, Allah ya jiƙansu, kuma hukumomi suka ce lodi ne ya fi ƙarfin jirgin. Mun yi imani ajalinsu ne ya zo. Amma imani da ƙaddara ta'aziyya ce ga wanda aka yi wa rashi, ba ya ɗauke tambaya daga kan wanda aka ba amana. Shari'a ta wajabta diyya a kisan kuskure, ta ɗora lamuni a kan mai sana'ar da ya yi sakaci da kayan mutane. Duk inda aka ce rashin sa'a aka tashi, ba a tambayi wa ya ƙirga fasinja ba, an bar ƙofa a buɗe ga na gaba.

Wani yana buɗe wa kansa ƙofar caca da ita. Mai caca ba ya ce maka zo ka yi haram, cewa yake zo ka gwada sa'arka. Da can a bayan kasuwa ake yi da karta, yau tana cikin wayar hannu, yaro yana zuba kuɗin jarinsa a kan wasan ƙwallon da ake yi a wata ƙasa. Irinta ce ta masu cewa kawo dubu ka karɓi dubu biyu ba saye ba sayarwa, kamar MMM wadda ta rufe asusun mutane a Nijeriya a Disamba na 2016. Waɗanda suka shiga da wuri suka karɓa aka ce sun taki sa'a, alhali kuɗin waɗanda suka zo daga baya ne aka miƙa musu.

Mafi muni daga cikin wannan kashi shi ne wanda yake ɗora rashin sa'arsa a kan wani bawan Allah. Ciniki ya ja baya bayan ya yi aure, sai a ce matar tana da farar ƙafa, har ta kai ga saki. Dubi yadda maganar ta juyo: da ƙafar mutum ce take taka sa'a, yanzu ƙafar wata ce take kore ta. Baiwar Allah ba ta ci ba ba ta sha ba, an ɓata mata suna, wani ma ya ji tsoron aurenta. Haka wanda ke ɓata rai idan mai ciniki na farko da safe ya nemi bashi, ko wanda ke ƙin fita ranar Larabgana. Larabawan jahiliyya suna camfa aure a watan Shawwal, sai ga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana ba da labari cewa a Shawwal aka ɗaura aurenta da Manzon Allah, a Shawwal ta tare, kuma tana son a kai matan danginta ɗaki a wannan wata.

Kashi na uku su ne waɗanda har yanzu suke kan asalin, suna biyan kuɗi a duba musu awar buɗe shago da awar tashi. Idan mutum ya ƙudurta cewa awar ko tauraron ne yake bayarwa ko yake hanawa da kansa, to ya taɓa tushen tauhidi, sai ya gaggauta tuba. Idan kuwa ya ce alama ce kawai, to ya riƙi alamar da Allah bai sanya ba, ya je inda aka hana shi zuwa, ya kuma sayi tsoro da kuɗinsa, domin daga ranar ba zai ƙara fita da sakakkiyar zuciya ba sai an ba shi izini.

Game da karin magana

Mutane suna cewa sa'a ta fi manyan kaya, suna cewa sa'a ta fi sammako. Akwai gaskiya a ciki idan an faɗa wa mai alfahari da jarinsa ko da wayonsa, don ya tuna cewa zafin nema ba ya kawo samu, kuma da yawa an yi shiri an tashi a tutar babu. Amma idan malalaci ya ɗauke ta ya ja bargo, ta zama ƙarya a bakinsa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kuma sahabin da ya ruwaito wannan, Sahru Algamidi, ɗan kasuwa ne, ya kasance yana aika hajarsa da farkon wuni, har dukiyarsa ta yawaita. Ga sa'ar ɗan kasuwa an faɗa maka ita a fili, kyauta, kullum tana dawowa. Magabatanmu kuma sun bar mana wata magana wadda ta fi waɗancan nauyi, suka ce dare ga mai rabo hantsi ne. Wanda ya fahimci wannan ya gane cewa awa ba ta riƙe da komai, rabo yana wurin Mai rabawa.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa, idan za ka shiga wani al'amari, ka yi shawara da wanda ya san hanyar, ka duba hajarka da abin hawanka, ka rubuta bashinka, ka yi raka'a biyu na istihara, ka yi sammako, ka fita kowace rana ta kama. Idan kalmar sa'a ta zo bakinka, ka gwada ta da wannan ma'auni: cire ta ka sa Allah ya nufa a wurinta. Idan maganar ta tsaya daidai, faɗe ta ba komai. Idan kuwa ka ji kunyar jingina abin ga Allah, domin sakacinka ne, ko caca ce, ko zargin wani ne, to ka san ba sa'a kake nufi ba, wani abu kake ɓoyewa. Kuma duk sa'ad da ka furta ta, ka tuna da Sa'ar da aka yi mana alkawari, wadda babu mai hisabin da ya san lokacinta, kuma ba a tambayar kowa a cikinta wace awa ya fita, sai dai ina ya samo da inda ya kashe.

Allah ya azurta mu da halal, ya tsare mu daga camfi da hassada da sakaci, ya sa mu cika da imani, ya gafarta mana da iyayenmu da malamanmu da wanda ya kwafi wannan da wanda ya karanta. Allah shi ne mafi sani. Tammat bi hamdillahi.